Taurari Talatin da Ɗaya a Wayar Mai Agogo

"Lafiya ƙalau, sai dai mamakin ganinki a lokacin aiki. Sun kore ki ne, ko masu ciwon ne suka gudu?"

"Suna nan, suna gaishe ka. Sun ce in tambaye ka yaushe za ka zo, sun ware maka gado kusa da taga."

Wannan gaisuwa ta gudana ne a shagon abokina mai gyaran agogo, wani ɗan ɗaki mai faɗin taku huɗu, wanda agoguna suka rufe bangonsa uku. Tun da na ajiye alli nake zama a bencinsa kowace hantsi. Wadda ta shigo jikarsa ce, 'yar babbar 'yarsa da ta rasu shekara tara da suka wuce. Tana ba da magani a wani kemis, shi ya sa yake kiranta Sarkin Ƙwaya. Ita kuwa Tsoho take ce masa, idan kuma tana neman faɗa ta ce Angona. Ta rusuna ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta juya gare shi, ladabin ya tsaya a wurina.

"Angona, ba ni wayarka."

"Ba a gama gaisuwa ba har an fara ƙwace. Malam, ka ga irin matar da Allah ya haɗa ni da ita."

"Ba wasa ya kawo ni ba. Ka ga sanarwar jaridar nan da Mama take wa rubutu?"

Marigayiyar malamar jinya ce, kuma ta yi shekaru tana rubuta wa wata jaridar intanet gajerun maƙalu game da aikinta. Sanarwar da jikar take nufi ta ce za a rufe shafin jaridar a wannan ranar, da ƙarfe goma sha biyu na rana, a kwashe duk abin da ke cikinsa.

"Na gani tun makon jiya," in ji shi, yana ci gaba da goge murfin wani agogo. "Mu da muke karatu mun gani. Masu ƙirga ƙwaya ne sai yau."

"Yau da safe na gani. Na nemi sunanta a shafin, wurin binciken ya daina aiki. Guda huɗu kawai na samu."

"Huɗu. 'Yar cikinta, huɗu. Ni ina da talatin da ɗaya."

"Ƙarya ba ta yi wa furfura kyau, Tsoho."

"Talatin da ɗaya, ba ragi. Duk wanda ta rubuta sai ta turo mini, ni kuma in danna masa tauraro. Ko su rufe jaridar, ko su rufe titin da take, nawa suna aljihuna a ajiye."

Sai na ga ta tsaya da murmushin da take yi.

"Tauraro ka danna?"

"Tauraro. Ya yi shuɗi, ya ce an ajiye. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa."

"Miƙo wayar."

Ya miƙa mata yana gunaguni. Ta ja allon daga sama, ta taɓa hoton wani ɗan jirgin sama.

"Me kika yi mata?"

"Na sa ta a yanayin jirgi. Na yanke mata sabis, kamar yadda za a yanke jaridar."

"Ni da na saye ta ban taɓa shiga jirgi ba, ita har ta riga ni?"

"Ai ta fi ka ilimi, dole ta riga ka. Ungo, buɗe mini maƙala ɗaya."

Ya ɗauki madubin nan na ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya maƙala, ya danna ta farko. Allon ya yi fari fat, sai ɗan rubutu a tsakiya mai cewa babu haɗi da intanet. Ya danna ta biyu, haka. Ya danna ta bakwai, haka. Ya cire madubin a hankali ya ajiye shi a kan tebur.

"Kin lalata mini waya. Lafiyarta ƙalau kafin hannun kemis ya taɓa ta."

"Ban lalata komai ba. Tauraro adireshi kawai yake riƙe maka. Shekara da shekaru lambar gida kake tarawa, kana cewa kana da gidaje."

"Ya ce an ajiye. Malam, kai ka koyar da nahawu. Idan abu ya ce an ajiye, ba an ajiye ba ke nan?"

Na ce masa aikatau ɗin daidai yake, sai dai bai tambayi abin da aikin ya faɗa wa ba. An ajiye, gaskiya ne, amma me aka ajiye?

"Ka ji," in ji ta. "Har Malam ya kayar da kai a jarrabawa."

"Malam abokina ne, tsoronki yake ji."

Ya faɗi haka ne idonsa na kan farin allon, kuma muryarsa ta ragu. Ita ma ta lura, domin ta jawo kujerar masu kawo gyara ta zauna dab da shi.

"Kwantar da hankalinka, Angona. Ba don lambobin gidan nan naka ba, da ban san inda zan nufa ba. Kai ka san hanya, ni na iya ɗauko kaya. Ƙarfe nawa yanzu?"

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Wani agogon ya ce sha ɗaya da kwata, wani ya ce uku saura, wani babba mai lilo ya tsaya a kan bakwai.

"Shago cike da agogo, a rasa mai faɗin lokaci. Shekara arba'in me kake yi a nan?"

"Marasa lafiya ne, gyara suke jira. Ke masu zuwa wurinki da lafiyarsu suke zuwa?"

Wayarta ta raba gardamar: sha ɗaya da minti ashirin da biyu. Ta mayar da sabis a tasa wayar, ta buɗe maƙalar farko a burauza, wato manhajar shiga intanet, ta nuna masa ɗigo uku da ke saman allo, da kibiya mai kallon ƙasa da ke fitowa idan an taɓa su.

"Wannan kibiyar ita ce mai sauko da shafin gaba ɗaya cikin wayar. Da sabis, ba sabis, yana nan."

"To me ya sa ba su rubuta haka ba? Su sa wa abin banza tauraro, su ɓoye na kirki a bayan ɗigo."

"Haka aka yi a danginmu ma. Kai aka sa a gaba."

Sabis ɗin cikin shagon ba shi da ƙarfi, sai ta koma bakin ƙofa ta ɗaga wayar sama, shi kuma ya biyo ta da sandarsa ya tsaya a bayanta. Kowace maƙala takan ɗauki kusan minti guda kafin ta sauka, wata ta fi. Tana karanta kanun, yana ba da sharhi.

"'Majinyacin da ke ɓoye magani a ƙarƙashin matashi.' Wannan da kai take."

"Ban taɓa ɓoye magani ba. Zubarwa nake yi a fili."

"'Yadda za ka yi wa likita bayani ba tare da ka fara daga haihuwarka ba.' Wannan ma kai ne."

"Wannan kakarki ce, Allah ya ji ƙanta. Ciwon kai za ta kai, sai ta fara daga ranar da aka yaye ta."

"Takwas. Matsa baya, numfashinka yana kore sabis."

"Gajartarki ce take kore shi. Ba ni in ɗaga, ko a sunkuye na fi ki tsawo."

Da suka kai ta goma sha biyar hannunta ya gaji, ya karɓa. Ya sake maƙala madubinsa, ya nemo ɗigo ukun, ya taɓa su da gefen ɗan yatsa, ya taɓa kibiyar, bai kuskure ba.

"Ashe kana koyo."

"Ni da nake ɗaukar sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba? Da ni aka ba wa kemis ɗinku, da garin nan ya warke."

"Da garin nan ya koma maƙabarta. Yi sauri, sha biyu saura minti ashirin."

Ta ashirin da uku ta ƙi sauka. Da'irar da ke juyawa a allon ta yi ta juyawa, su biyu suka yi shiru suna kallonta, har mai sayar da taya na maƙwabta ya leƙo ya ga ko lafiya. Da ta sauka, abokina ya saki numfashi, ya ce wayar ta gaji da ganin fuskar jikarsa ne. Ta karɓi wayar ta ci gaba, yatsunta na sauri.

"Talatin. Saura ɗaya, saura minti huɗu."

"Bar wannan."

"In bar me?"

"Ta ƙarshen. Ba ta da wani amfani, ba a kan jinya take ba. Talatin sun isa."

"Tun ɗazu kake mini alfahari da talatin da ɗaya, ba ragi."

"Na yi ragi yanzu. Kayana ne."

Ya kai hannu, ta juya masa baya ta danna kibiyar. Ya zagayo ta dama, ta koma hagu. Kafin ya sake shiri maƙalar ta sauka, kuma idonta ya riga ya faɗa kan layin farko. Ta karanta a fili, da muryar tsokana da fari.

"'Mahaifina mai gyaran agogo ne. Lokacin da 'yata take da wata takwas ta kamu da ciwon haƙarƙari, ni kuma na san alamar da ake dubawa: yawan numfashi a minti guda. Na ƙirga har idona ya daina gani. Sai ya rufe shagonsa, ya zo da agogon aljihu, ya ce in kwanta. Kwana goma sha ɗaya yana zaune a gefen gadonta yana ƙirga numfashinta, duk rabin awa ya rubuta a bayan takardar sigari.'"

Ta tsaya a nan. Muryar tsokanar ba ta kai ƙarshen sakin layin ba.

"Ba sigari ba ne," in ji shi. "Kwalin batir ne. Uwarki ba ta iya ba da labari ba."

"Kwana goma sha ɗaya, Tsoho?"

"Agogon nake gwadawa. Sabo ne, ina so in ga ko yana tafiya daidai, sai na rasa abin da zan gwada shi da shi sai ke."

"Kai da kake ce wa mutane ranar da aka haife ni ka yi asara."

"Na yi mana. Shago a rufe kwana goma sha ɗaya, saboda wata mummunar jaririya mai kai kamar tulu."

"To me ya sa ka hana ni karantawa?"

"Don kada ki ɗauka sonki nake yi, ki raina ni."

Ta goge ido da bayan hannu, ta ce ƙurar shagonsa ce, ya ce hayaƙin magungunanta ne ya biyo ta. Sha biyu ta wuce da minti uku. Ta sake buɗe adireshin jaridar da sabis a kunne, babu komai sai layi ɗaya na ban kwana. Ta mayar da wayar yanayin jirgi, ta miƙa masa. Ya buɗe ta farko, maƙalar ta fito da hoton marigayiyar a gefe cikin farar rigar aiki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, mu kuma ba mu katse shi ba.

"Talatin da ɗaya," ya ce.

"Wa ya ajiye su?"

"Ni na san inda suke."

"Wa ya ajiye su, Angona?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Ke ce. Na yarda, Sarkin Ƙwaya ta ci ni. Malam, kada ka rubuta wannan."

Ya jawo aljihun teburinsa na ƙasa, ya fito da wani ƙaramin agogon hannu na mata a naɗe cikin ƙyalle, ya kama hannunta ya ɗaura mata. Ta gane na mahaifiyarta ne tun kafin ya gama sa maɗaurin. Ta kai shi kunne, yana tafiya. Ta duba shi, ta duba wayarta.

"Yana latti da minti biyar. Shekara tara yana hannunka, ka kasa gyarawa?"

"Kullum sai na murɗa shi na ba shi wani, kada ya tsaya. Lattin ne ban taɓa ba, haka take sa shi," in ji shi. "Tashi ki koma aiki, ke ma kin makara."