Hular Kwanona a Ranar Addu'ar Mutawakilu

Ko shekara nawa Allah zai ƙara mini a duniya, ba zan manta da safiyar da aka yi addu'ar arba'in ɗin Mutawakilu a Buokrom ba. Na sha jin kunya a rayuwata, irin ta tuntuɓe a gaban ɗalibai da ta kiran mutum da sunan da ba nasa ba, amma wannan daban take. Har yau in na tuna ta ina cikin cin abinci, sai in ajiye cokali.

Ni malamin makaranta ne. A Zango nake zaune, a Ayigya nake koyarwa, kuma shekara goma sha biyu ke nan babur ke kai ni yana dawo da ni (moto muke ce masa a nan). Abin da aka san ni da shi a unguwa kuwa shi ne hular kwano. Ko masallacin da ke bayan layinmu zan je, sai na kifa ta na ɗaure. Rana ta kwalle, gumi na bin wuyana, ba na cirewa. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne na mai da kaina alƙalin kowa. In na ga mai okada, wato babur na haya, da kai tsirara, sai in tare shi a bakin titi in yi masa huɗuba har fasinjansa ya gaji ya sauka. Da haka aka raɗa mini suna Ticha Mai Kwano, ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗin sunan nake ji.

Ita hular tare da babur ɗin na saye ta. Sau biyu na faɗi da ita. Na farko ana ruwan sama, trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ta ci birki a gabana ba zato, na zame kaina ya daki kwalta. Na biyu akuya ce ta gitta. Duk biyun na tashi na kaɗe wandona, na dubi hular na ce, "Kin yi aikinki." Inda ta kurje na kai wa mai fentin mota ya fesa mata ja. Inda ta ɗan tsage a gefen kunne na manna takarda mai addu'ar hawa abin hawa. Igiyar haɓa ta tsinke, mai gyaran takalmi ya ɗinke mini. Da ta fara yi mini yawa tana rawa a kaina, sai na riƙa sa ƙaramar hular saƙa a ƙarƙashi. (Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda aka yi hula ta yi wa babban mutum yawa ba. Na ɗauka kaina ne ya rame.)

Mutawakilu abokina ne tun muna zama a tabarma ɗaya a makarantar allo. Shi bai yi nisa a boko ba, ya bi mahaifinsa dillancin shanu. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, in ya zo gidanka sai ya fara leƙa tukunya kafin ya gaishe ka. Yana dawowa daga kasuwar shanu a kan babur da rana tsaka wata mota ta ture shi. Bai kai asibiti da rai ba. Ya bar mata da 'ya'ya uku, da tsohuwarsa, Mma Ladi.

Lokacin ina Tamale wajen jinyar kawuna, ban samu jana'iza ba. Da na dawo na je na yi ta'aziyya, na zauna, na yi addu'a, na tashi. A bencin mai koko ne na ji ana cewa, "A ka ya bugu." Shi ke nan abin da na ji. Sauran ni na ƙarasa da kaina. Na taɓa ganin Mutawakilu sau ɗaya ya zagayo lungu a kan babur babu hula, sai na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci. Ban tambayi kowa ba. Mutumin da ya tabbata ya sani ai ba ya tambaya.

Ranar arba'in aka kafa rumfa a ƙofar gidansu, aka jera kujerun roba. Maza a gaba, mata a gefe ta wajen zaure. Mahauta da dillalai sun zo, masu okada ma sun cika layin da baburansu. Ni da matata Ramatu muka iso tare, na goyo ta. Aka yi karatu, aka yi addu'a, aka fara raba masa. Sai liman ya ɗaga hannu ya ce, "Tunda ga masu moto sun taru, kuma ga abin da ya same mu, Ticha, ko za ka ce musu wani abu? Kai suke gani kullum da hularka."

Da na san abin da ke jirana, da na ce maƙogwarona na ciwo. Amma ina! Na miƙe da farar rigata, na ɗauko hular daga ƙarƙashin kujera, na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

Na fara da kyau, in ba zan zalunci kaina ba. Na yi salati, na yi wa mamaci addu'a, na ce kai guda ɗaya Allah ya ba kowa. Mutane na gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne ya ja ni. Na ƙwanƙwasa hular da yatsa na ce, "Kun ga wannan? Shekara goma sha biyu muna tare. Sau biyu na faɗi da ita, ga ni tsaye." Sannan na sassauta murya, kamar yadda nake yi a aji in zan faɗi abin da zai fito a jarrabawa, na ce, "In kwana ya ƙare babu makawa. Amma da ɗan'uwana Mutawakilu ya ji maganata ya sa hula a ranar nan, wataƙila da yau ba addu'arsa muke yi ba."

Rumfar ta yi tsit. Ni a zatona maganar ce ta ratsa su. Sai na ga liman ya sunkuyar da kai. Na ga matar mamacin ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Daga cikin mata wata ta miƙe. Anti Fulera ce, yayar Mutawakilu, nas ce da ta yi shekaru a ɗakin 'yan haɗari kafin ta yi ritaya. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ticha, wa ya gaya maka bai sa ba?"

Na sauke hular da na ɗaga sama.

"Ni na kwance masa igiyar da hannuna," in ji ta. "Tana kansa, a ɗaure."

Ta shiga gida. Ni ina tsaye, hula a hannu, ban san ko in zauna ko in bi ta ba. Ta fito da wata jakar leda, ta ciro hular Mutawakilu ta ɗora a kan tebur kusa da kwanon masa. Hular ta dare daga goshi har ƙeya. Wasu matan suka fashe da kuka.

Ta ce, "Ban so in fito da ita ba. Amma tunda an buɗe maganar, gara a ƙarasa ta daidai. Bara waccan ya faɗi da wannan hular. Na ce masa ya jefar, ya yi dariya ya ce ai ko kurjewa ba ta yi sosai ba. Ban matsa masa ba. Ni ma ina da nawa abin da nake kwana da shi." Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo mini hannu. "Ba ni taka in gani."

Na ba ta. (Me zan yi? In gudu da ita?)

Ta kife ta, ta sa yatsa ta ja ƙyallen ciki. Soson da ke manne da shi ya zubo kamar garin busasshen burodi, wani a kan tebur, wani a kan farar rigata. Ta ɗaga ƙyallen gaba ɗaya, ta nuna wa jama'a farin abu mai tauri da ke ƙarƙashi. A gefen dama ya loɓa kamar an danna gwiwa a kai, ga tsagewa ta bi ta tsakiyarsa.

"Wannan farin shi ne hular," in ji ta. "Na wajen nan riga ce kawai. Shi ke shanye bugu, kuma sau ɗaya yake yi. In ya loɓa ba ya dawowa. Duk hular da kai ya bugu a cikinta ta gama aikinta, ko da wajenta na ƙyalli. Ticha, ka ce sau biyu?"

"Sau biyu," na ce.

Ta ɓanɓare takardar addu'ar da farce, tsagewar ta bayyana. Ta shinshina fentin, ta girgiza kai, ta ce fentin mota na cin jikin hula. Ta ja igiyar haɓa da ƙarfi sau ɗaya, ɗinkin mai takalmi ya rabu, igiyar ta biyo hannunta. Wani daga cikin masu okada ya ce, "Ei, Ticha!" Ba da dariya ya faɗa ba. Da ya yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Ta juya ga matasan ta ci gaba, ba tare da ta sake kallona ba. Ta ce ko ba a taɓa faɗuwa da hula ba, masu ƙera ta suna cewa a sauya ta kamar bayan shekara biyar, domin gumi da man gashi da zafin rana suna cinye ta a hankali. Ta ce a ɗaga ƙyallen ciki a duba, yawanci akwai shekarar da aka ƙera ta a rubuce. In ta fara rawa a ka, ko igiya ta zaizaye, ko maɓallin ya daina kamawa, kada a jira shekara biyar ɗin. Ta ce kada a kifa ta a kan tankin mai, kada kuma a sayi ta hannu, domin ba ka san kan wa ya bugu a cikinta ba.

Na ɗauka an gama da ni. Sai ta waiwaya wajen mata ta ce, "Ramatu, ke wacce kike sawa in ya goyo ki?"

Matata mace ce mai kunya, amma ba ta iya ƙarya ba. Ta ɗago tata daga ƙasa a hankali. Wata shuɗiya ce da na tsinta a shagon mai gyaran babur, an yasar da ita a kan tarin tsofaffin tayoyi. Babu ƙyalle a cikinta ko kaɗan. Ramatu ɗankwali take naɗawa biyu don hular ta zauna mata.

Anti Fulera ta karɓa, ta duba, ta ajiye kusa da ta ƙaninta. Ganin su a jere ya fi duk abin da ta faɗa zafi. Shekara da shekaru ina tare 'ya'yan mutane a titi, ashe uwar 'ya'yana a cikin abin da wani ya jefar nake yawo da ita.

Liman ya rufe taro da addu'a. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka watse na roƙi wani maƙwabcinsu ya ajiye mini babur a zaurensa, ni da Ramatu muka tari trotro. Muka sauka a Zango. Da muka shiga gida Ramatu ta ɗauko tsumma ta kaɗe mini garin soson da ke kafaɗata, ta ce, "Ka koma ka ba su haƙuri. Maganar hula mai sauƙi ce."

Kwana biyu ina juya yadda zan fuskance su. A rana ta uku da hantsi na je. Na tarar da Mma Ladi a tsakar gida tana jan carbi, matar mamacin na gefe tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, "Mma, na faɗi abin da ban sani ba a kan ɗanki, a gaban 'ya'yansa. Ki yafe mini." Na juya ga matarsa na maimaita.

Tsohuwar ta dube ni. Sannan ta ce, "Kai da shi ni na riƙa raba ku faɗa kuna yara. Shi taurin kai, kai kuma baki. Na yafe maka. Ka yi masa addu'a, ka kuma kula da yarinyar mutane da kake ɗauka a bayan babur."

Matarsa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Babban ɗansa ya tambaye ni ko da gaske babansa ne ya jawo wa kansa. Kai za ka ba shi amsa, Ticha, ba ni ba."

Na jira har aka taso makaranta, na zaunar da 'ya'yan uku, na gaya musu babansu ya sa hularsa ya ɗaure, kuma ni ne na yi kuskure. Ban taɓa koyar da darasin da ya yi mini wuya kamar wannan ba.

A makon nan na sayi sabbin huluna biyu, ta Ramatu na fara zaɓa, ta gwada har muka samu wadda ta kama ta daidai. Na rubuta wata da shekarar da muka saya a cikin kowacce da alƙalami mai kauri. Tsofaffin na fasa su da guduma kafin in zubar, don kada wani mai irin wayona ya tsinta.

Na ɗauki darasi biyu. Na farko, hular kwano ba gado ba ce: in ta bugu sau ɗaya, ko ta tsufa, sai a sallame ta da godiya. Na biyun ya fi tsada. Yanzu in aka ce in yi magana a wajen zaman makoki, cewa nake "Allah ya jiƙansa," in nemi kujerata in zauna.