Rasuwar Katin Sirrin Herr Kuhlmann

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Herr Wendelin Kuhlmann, magatakardan ƙungiyar masu lambunan haya ta bayan tashar jirgi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar katinsa na sirri, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi, yana da shekara tara a duniya.

Marigayin ɗan kati ne shuɗi, mai kawaici, mai riƙon amana. Shi ke sa hannu a kowane imel na ƙungiya, shi ke kulle wasiƙa, shi kaɗai ke buɗe ta. Ko sanarwar ranar rabon taki ba ta taɓa fita a buɗe ba. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. In an cusa shi a na'ura ya ce "ƙit", ya gama zancensa na yini.

Jinyar gajeriya ce. Maigidan ya dawo daga hutun mako uku, ya nemi lambar sirri a kansa sama ko ƙasa ya rasa. Ba a rubuce take ba, don ƙa'ida ta hana, shi kuwa mutum ne da ko titi babu mota ba ya tsallakawa sai wuta ta ba shi hannu. Matarsa Irmtraud ta sha ce masa, "Wendelin, rubuta ta a bayan kalanda mana. Wa zai sace maka taki?" Bai ji ba. Ya gwada sau biyu, marigayin ya yi nishi. A na uku ya tuna ai ranar aurensu ce, ya buga da ƙarfin gwiwa, ashe ya kuskure watan. Marigayin ya ce "fit, fit, fit", bai ƙara motsi ba.

An nemi lambar ceto, wadda ta zo a takarda tare da katin. Sai aka gano Herr Kuhlmann, saboda tsabar tsantseni, ya kwafe ta a imel ya aika wa kansa, ya kulle ta da marigayin, sannan ya yayyaga takardar.

Ya rasu ya bar na'ura ɗaya, igiya ɗaya, da marayun wasiƙu dubu huɗu da ba mai sake buɗe su. A cikinsu akwai wadda tsohon shugaban ƙungiya, shi ma marigayi, ya ba da izinin itacen tuffa na lambun Herr Kuhlmann, mai lamba sha huɗu, ya wuce tsayin mita ukun da aka yanka wa kowa. Maƙwabciyarsu Frau Brinkmeier ta zo gaisuwa da tef ɗin awo a jaka.

"Sannu da rashi, Herr Kuhlmann," in ji ta. "Takarda ko zarto, ka zaɓi ɗaya kafin Asabar."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara a wurin rarraba shara na gari, in an daidaita ko kwandon robobi ya dace da shi ko na kayan lantarki. Daga nan za a wuce lambu, inda zarto zai fara aiki da sha ɗaya. Ta'aziyya a takarda kawai, da tambarin gidan waya. Ana roƙon jama'a kada kowa ya kira Irmtraud, wadda ta dasa itacen da hannunta shekarar da aka ɗaura musu aure. Tana gidan ƙanwarta, ba ta san komai ba, sai Lahadi za ta dawo, kuma ta ce a tanadar mata kwanduna za ta tsinki tuffa.