Rasuwar Baƙin Gwangwanin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, maigidan nan da kowa ke kira Baba Fanel, tsohon mai gyaran jikin mota, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin kek a gidansa rasuwar Baƙin Gwangwani, gwangwanin gasa kek na gidan. Ya cika ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar kwana ɗaya, yana da shekara arba'in da ɗaya a bakin aiki.

Marigayin ya shigo gidan tare da Inna, matar Baba, Allah ya jiƙan ta. Fari tas ya zo, mai faɗin baki, da zanen fure mai ganye goma sha biyu a gindinsa. Baƙin da aka san shi da shi a hankali ya tara, shafin bota kan shafin bota, wuta kan wuta. Duk hutun ƙarshen shekara, in 'ya'ya da jikoki sun dawo gida, shi ake fara saukowa daga saman kanta kafin a kwance jakunkuna. Bai taɓa riƙe kek ba. Bai taɓa ƙona gefe ya bar tsakiya ɗanye ba. Ba shi da yawan magana. In an fito da shi daga obin yakan ce ƙis, ƙis, ƙis yana hucewa. A kife shi a faranti, a ƙwanƙwasa gindinsa sau biyu, ƙwan, ƙwan, sai a ji tim, fure ya sauka da ganyensa goma sha biyu cif.

Doka ɗaya ce a kansa, Inna ta kafa ta: sabulu ba ya taɓa shi, soso ba ya taɓa shi, tsumma mai ɗumi kawai. Bayan rasuwarta Baba ne ya zama mai gadin dokar. Ya taɓa hana surukarsa shiga kicin wata guda saboda ya ga kumfa a kusa da marigayin. A riƙe wannan da kyau, za a dawo kansa.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, ita ta gaji hannun Inna, har take gasa wa mutane. Wata mujalla ta nemi ta sa kek ɗinta a shafukan bukukuwan hutu. Ranar Talata da safe suka turo mace guda, aikinta shirya abinci ya yi kyau a hoto. Baba bai taɓa jin wannan sana'a ba, kuma bai fito sun gaisa ba. Daga taga ya ga ta buɗe jaka, ga burushi ƙanana, ga almakashi, ga tsummoki kala-kala, ta yi ta goge cokula tana ɗaga su sama tana dubawa. Ta ja tebur zuwa bakin taga. Ta ɗauki marigayin ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta ajiye. Da azahar ta tafi, ta bar tsohuwar mujalla a kan kujera. Auta kuma ta fita sayen ƙwai.

Baba ya buɗe mujallar. Karatunsa ba mai nisa ba ne, amma hoto ba ya buƙatar malami. Kowane kwano a ciki sai ƙyalli yake, mutum ya ga fuskarsa. Ya dubi na Inna, baƙi ƙirin kamar gindin tsohuwar mota. Sai ya ji a ransa duniya za ta buɗe shafi ta ce matar gidan nan ƙazama ce, ga ta a ƙasa ba ta da bakin kare kanta. Bai tambayi kowa ba, don shekara saba'in shi ake tambaya. Ya ɗauki gwangwanin zuwa bayan gida, ya buɗe tsohon akwatin aikinsa, ya zaro samfefa, takardar kankare ƙarfe, mai kaushi tukun, sannan mai laushi. Awa biyu ya yi. Aiki ya yi kyau, ba a taɓa raina shi a wannan fanni ba. Ya mayar da shi kan kanta yana walƙiya.

Da safe ihun Auta ne ya tashi gidan. Mai shirya abincin ta iso daidai lokacin, ita da mai hoto. Auta ba ta ko amsa gaisuwarta ba. “Ke da tsummokinki! Jiya ina kallonki kina ta goge-goge. Wa ya aike ki kan kayan uwata?” Baiwar Allah ta dafe ƙirji ta ce, “Haba 'yar uwa, ni da na ce baƙin nan shi za mu sa a gaba? Saboda shi fa muka zo.” Mai hoto ya ce ƙwarai, masu ƙyalli suna da su cike da ɗaki a ofis, irin wannan ne ba a samu a kasuwa. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa biyu a aljihu, don samfefar ta cinye masa fatar yatsu. Auta ta juyo ta ce, “Baba, ka ga abin da ta yi mana?” Baba ya ce Allah ya kyauta.

Mai hoto ya ce hasken taga ba zai wuce ƙarfe sha ɗaya ba, don haka aka gasa a haka. Ashe baƙin ne ya toshe ƙananan hujojin da shekaru suka yi. Ƙullun ya riƙa ɗiga a cikin obin, hayaƙi ya cika kicin. Aka fito da shi, ba ƙis ko ɗaya. Auta ta kife shi, ƙwan, ƙwan. Shiru. Ta sake, shiru. Sai da wuƙa aka ɓamɓaro kek ɗin, ya fito gida uku, rabin furen ya manne a gindi. A nan marigayin ya cika.

Matar da aka zaga ɗin ita ce ta naɗe hannun riga. Ta haɗa gutsattsarin da tsinken sakace, ta cike ramin da ɓurɓushi, ta barbaɗa garin sukari ta rariya, ta juya wa bango ɓangaren da ya fashe. A cikin kyamara kek ya fito kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Ta tattara jakarta ta tafi, ko ruwan gidan ba ta sha ba. Washegari Auta ta kai ƙararta wurin editan mujallar. An dakatar da matar daga aiki, an ce ranar Litinin mai zuwa za a yanke hukunci. Mai hoto ya ce 'ya'ya uku take riƙe da su.

Yau kwana tara Baba yana cin abinci da cokali a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Yatsun sun kusa warkewa, nan da kwana biyu ba mai ganin komai. Shi ya sa ya ce a rubuta wannan yanzu.

Marigayin ya bar ludayin katako, abokin aikinsa tun farko, da kofin awon fulawa mai karyayyen hannu, da tsumman da ya yi masa hidima har ƙarshe. Ya bar jikoki goma sha ɗaya da za su iso ƙarshen wata ba su san komai ba. Ya bar Auta, wadda a takardar nan za ta fara jin gaskiya, domin uban da ya iya faɗa a kan kumfa ya kasa dubanta ya faɗa da baki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a gindin bishiyar lemon da Inna ta shuka. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu, ba za a ɗora shi a sikeli ba. Wanda ya kashe shi ne zai haƙa ramin, shi zai ɗauko shi. An aika wa edita kwafin wannan sanarwa tun da safe. Ana roƙon mai shirya abinci, in zuciyarta za ta iya, ta zo ta zauna a kujerar gaba, akwai tsohon da zai durƙusa mata a gaban 'yarsa. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Mai hoto kaɗai aka yarda ya zo da kayan aikinsa, kuma an roƙe shi wannan karon kada a juya wa bango ɓangaren da ya fashe.