Zumar Kawun da Ba a Haifa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ranar da ma'aikatan ofishinmu suka cika bas fal, ga lemo da ayaba da kankana a kujerar baya, za su je dubiyar kawuna da ke kwance a ƙauye. Matsalar guda ɗaya ce tak: ba ni da kawu. Mahaifiyata su uku ne a wajen iyayensu, kuma duk mata ne.

Bari in faro daga tushe. Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati da ke GRA a nan Katsina, ɓangaren ajiyar fayil. Albashi dai kowa ya san ba ya ganin ƙarshen wata, shi ya sa kowa a ofishinmu da 'yar sana'arsa a ƙarƙashin tebur. Wannan turare, wancan huluna, wata zannuwan gado. Ni kuma na zaɓi zuma. Nakan sayo jarka a wajen wani mutum a Babbar Kasuwa, in kai gida in ɗuɗɗura a kwalabe, in zubo a jaka in taho.

Ranar farko ko kwalba ɗaya ban sayar ba. Duk wanda ya ɗaga sai ya tambayi ta ina ce, da na ce ta kasuwa sai ya ajiye ya ce Allah ya kawo ciniki. Washegari Malam Sada, wani dattijo da teburinsa ke kallon nawa, ya ɗaga kwalba a hasken taga ya yi irin tambayar. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Daga amyar kawuna take, can ƙauye. Shi ke cirewa da hannunshi." Kafin azahar jakar ta koma wayam.

Daga nan Kawu ya fara girma. Aka tambayi sunansa, na ce Kawu Lawai. Aka tambayi shekarunsa, na ba shi saba'in. Wata rana hira ta yi daɗi har na ƙara masa ɗingishi, wai ya taɓa faɗowa daga bishiyar ɗorawa yana rataya amya (har yau ban san me ya kai ni ba, ba wanda ya tambaye ni ƙafarsa). Kafin wata uku ya shiga cikin gaisuwar ofis. Bayan ina kwana, ya iyali, ya aiki, sai a ce, "Ya Kawu?" Ni kuma in ce, "Yana gaishe ku." Sunana ma ya ɓace, na koma Maizuma. Darakta da kansa ya taɓa aika wa Kawu hula, na karɓa da hannu biyu, na riƙa sa ta ranar Juma'a a masallacin da na tabbatar ba ya zuwa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa saya ba, Hajiya Rabi, lauyar ma'aikata, wadda kowa ke kira Barista. Takan tsaya ta saurari labarin Kawu har ƙarshe, ta gyaɗa kai ta wuce. Ni a wautata na ɗauka ba ta son zaƙi ne.

Ana nan sai mahaifiyar Malam Sada ta kwanta asibiti. Tana da ciwon suga, shi kuma ya riƙa kai mata zumata tana sa wa a koko, bisa imanin cewa tsantsa ce. Likita ya bincika abin da take sha, aka kawo kwalbar, sai ga sukari ya kwanta a gindinta zube. Malam Sada bai ɗaga mini murya ba. Ya ajiye kwalbar a teburina ya ce, "Maizuma, in ka je gida ka tambayi Kawu mi ya hwaru. Ni na san ba halinshi ba ne."

Na garzaya kasuwa wajen mai zumata ina huci. Mutumin ko tashi bai yi daga bencinsa ba. Ya ce, "Malam, tun da kake zuwa ka taɓa tambayata na ce maka tsantsa ce? Mai araha ka ce in ba ka. Ga tsantsar can a sama, ka taɓa taya ta?" Gaskiyarsa ce, ban taɓa tambaya ba, don ba na son jin amsar.

A ranar tsoro ya shige ni sosai. A ƙa'idar aikinmu, duk wanda aka kai kotu kan zamba, dakatar da shi ake yi tun kafin alƙali ya yanke hukunci. Na san haka sarai, don ni nake ajiye fayilolin waɗanda abin ya faɗa wa. Ga mata da 'ya'ya huɗu, ga shekara goma sha ɗaya da na zuba a aikin nan. Mai hankali a nan zai je ya sami Malam Sada ya faɗi gaskiya. Ni kuwa sai na zauna neman yadda zan rabu da Kawu cikin mutunci.

Da farko na yi niyyar kashe shi. Sai na tuna ta'aziyya gidan mahaifiyata za a zo, ita kuwa ba ta ma san tana da ƙane ba. Don haka na kwantar da shi kawai. Na ce hawan jini ya kayar da shi, 'ya'yansa ne suka ciri zumar bana, ƙila su suka yi algus, kuma sana'a ta tsaya sai abin da hali ya yi. Na koma tebur ina jin na yi dabara.

Abin da na manta shi ne ofishinmu na da kwamitin walwala, kuma shugabansa Malam Sada ne. Mutumin da aka sallamo mahaifiyarsa kwana huɗu da suka wuce shi ne ya bi tebur-tebur yana cewa, "Dattijon nan ya daɗe yana shayar da mu, ba ya kwanta mu yi shiru ba." Na ce hanyar ba kyau, aka ce motar ofis ta saba. Na ce ba ya gane mutane, aka ce dubiya don Allah ake yi. Na ce akwai nisa, Darakta ya ce ya yafe mana aikin Laraba gaba ɗaya. Ban taɓa ganin alheri ya bi mutum da gudu irin haka ba.

Ranar Laraba da hantsi muka shiga mota. Aka sa ni gaba kusa da direba don in nuna hanya, Malam Sada da Barista suna bayana. Shirina (idan ana kiran wannan shiri) shi ne in mun yi nisa in yi kamar an kira ni a waya an ce an wuce da Kawu wani asibiti. Muna fita daga harabar ofis Malam Sada ya zaro ambulan ɗin gudummawar da aka tara, ya miƙo ta kafaɗata. Ya ce, "Riƙe wanga, kai za ka ba iyalinshi in munka isa."

Har na ɗaga hannu, sai Barista ta ce, "Malam Sada, ɗan dakata mashi tukuna." Ta gyara gilashinta, ta fara magana a hankali, kamar mai hira da motar gaba ɗaya.

"Kun san akwai abin da mutane ba su gane ba. A dokar jihar nan, ka sayo kaya a kasuwa ka ɗora riba, halal ɗinka ne. Amma ka hwaɗa ma mutum abin da ka san ba haka yake ba, don ya zaro kuɗinshi ya ba ka, alhali da ya san gaskiya ba zai bayar ba, wannan sunanta zamba. Ɓarawo a ɓoye yake ɗauka. Mai zamba kuwa da hannunka za ka miƙa mashi, har ka yi godiya, kuma duk laifi ne. Sayar da abin ci mai algus a matsayin tsantsa shi ma laifi ne na daban."

Wani daga baya ya ce, "Allah ya kyauta, 'yan kasuwar nan ba su da tsoron Allah." Ni dai ina kallon titi.

Ta ci gaba. "Irin waɗancan, in waɗanda anka cuta sun yarda, ana iya sasantawa. Amma a tara gudummawa da sunan mara lahiya, wani ya karɓa alhali ya san abin da ya sani, wannan damfara ce tsagwaronta. In ambulan ta shiga hannu, magana ta bar ofis, ni da kaina zan rubuta. To Malam Sada, miƙa mashi. Maizuma, bismilla."

Ambulan tana reto a kafaɗata, daidai lokacin muka iso shataletale. Direba ya rage gudu ya ce, "Maizuma, hanyar Kaita ko?" Wata daga tsakiya ta ce, "A'a, hanyar Mani dai, haka ya ce mani." Wani ya rantse shi Rimi aka faɗa masa. Ashe a wata shidan da na yi ina wannan sana'a na raba wa Kawu garuruwa uku ban sani ba, kuma Barista ta ji dukkansu. Direba ya zagaya shataletalen sau ɗaya, ya sake zagayawa, yana jiran amsata.

Na ce, "Malam direba, tsaya gefe." Na juyo, ban iya kallon kowa ba sai kankanar da ke can baya. Na ce, "Jama'a, ba ni da kawu. Ban taɓa yin kawu ba. Zumar a Babbar Kasuwa nake sayowa."

Duk suka zuba mini ido. Da zagina aka yi da na ji sauƙi. Can wani ya ce a hankali, "Har ɗingishin?" Na ce har shi. Darakta, wanda shi ma yana cikin motar, ya ce, "Hulata hwa?" Na ce tana nan lafiya.

Malam Sada ya mayar da ambulan aljihu. Sannan ya ce wa direba, "Tunda da niyyar dubiya munka hito, kada ladan ya ɓace. Mu tahi unguwarmu, Gobarau. Akwai mara lahiya ta gaskiya a gidanmu."

Haka muka juya cikin gari. Aka shiga da lemo da ayaba da kankanar Kawu ɗakin tsohuwar, tana zaune a kan katifa da carbi a hannu, ta rame ƙwarai. Bayan doguwar gaisuwa Malam Sada ya ce, "Inna, ga mai zumar nan, yana da magana." Na durƙusa a gaban mutum goma sha wani abu na sake faɗin abin da na faɗa a mota, wannan karon har da neman gafara. Barista na tsaye a bakin ƙofa. Ta riga ta faɗa mini a soro cewa tsohuwar nan ce aka fi cuta, idan ta ce kotu, kotu za a je.

Inna ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Ɗan nan, wato Lawai ɗin babu shi?" Na ce babu, Inna. Ta ce, "Ikon Allah. Tun randa Sada ya ce mani ya kwanta, ba sallar da zan yi ban roƙa mashi sauƙi ba. Ina gadon ciwo ina tausayinshi." Ta ja carbi guda biyu, ta dubi ɗanta. "Ku ƙyale shi, kada a raba shi da abincin 'ya'yanshi saboda ni. Addu'ar kuma ba ta ɓaci ba, sai in maida ta kanshi. Ai shi ne mara lahiyar."

A nan ne hawaye ya zubo mini, ni da gemuna, a gaban matan ofis.

Ban rasa aikina ba. Na mayar wa kowa kuɗinsa, na ɗauki nauyin maganin Inna, aka ba ni takardar gargaɗi wadda ni da hannuna na saka a fayil ɗina, tunda aikina ne. Abin da na koya kuwa biyu ne. Doka ba ruwanta da yawan ribarka, abin da ka faɗa kafin mutum ya sa hannu a aljihu shi take tambaya. Na biyun kuma, in har shaiɗan ya rinjaye ka za ka yi ƙarya a garin nan, to kada ka kuskura ka yi mata ɗan'uwa. Mutanen Katsina sai sun je gaishe shi.