Ranar da Na Kai 'Yan Jere Gidan da Babu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko na so in manta ma Goggo Larai, ƙanwar babana, ba za ta bari ba.

Tun da aka yi mana aure ni da Baban Amira muke haya a Unguwar Kanawa, ciki da falo, a gidan da banɗaki ɗaya ne na kowa da kowa. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin layi ba. Kullum da safe ina tsaye riƙe da buta, maƙwabciya na ciki tana rera waƙa, abu ɗaya nake roƙo: ƙofar da zan rufe in ce tawa ce. Shi ya sa da wani kamfani ya fara sayar da gidajen bene a Katabu tun kafin a gina su, na hana bawan Allahn nan sakat sai da muka shiga. Sashen sama na zaɓa. A takarda kawai na gan shi, amma har na san inda firji zai zauna, da tagar da zan riƙa leƙen motocin Zariya.

Ranar sa hannu manajan ya karanta mana sharaɗi. Asabar ɗin bayan Babbar Sallah za a ba mu makulli. In aiki ya ja, wajibi ne su sanar da mai saye tun da wuri, su kuma faɗi sabuwar rana. Ya nemi lambar da za a riƙa tura sanarwa. Baban Amira ya buɗe baki, na riga shi.

"Tawa za a sa. Kai ai sai saƙo ya tsufa ba ka buɗe ba."

(Har yau bai goranta mini wannan maganar ba, wannan ne ma ya fi ciwo.)

Watanni suka wuce, ban ga wata sanarwa ba. In na bi hanyar a mota, ina hango wani bene fari fes daga titi, in taɓo na kusa da ni in ce namu ne. Da Sallah ta wuce, Baban Amira ya tafi Legas da motar kayan da yake tuƙawa, ya ce in jira shi. Na ce labule zai tarar a rataye. Na miƙa wa mai gidan haya makullinsa, na bi ɗaki-ɗaki ina "ku yafe ni", ina murmushin da ni kaina na san na cin fuska ne.

Muka ɗauki hanya. A-kori-kura a gaba da gado da kujeru, mu a baya cikin bas, ni da dangina mata da suka zo yi mini jere, har da kaskon turaren wuta. Tun daga Kawo Goggo ta fara guɗa.

A bakin get maigadi ya tambayi lambar sashenmu, ya ce mu zagaya bayan farin benen. Ashe shi na nuna wa masu saye ne. Namu na baya. Ƙasan dai an yi shi, bulo tsirara. Saman kuwa rodi ne kawai tsaye cirko-cirko, sai matakala da ta hau, ta hau, ta tsaya.

Goggo ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. "To 'yar nan, a ina za mu kafa gadon?"

Ban san lokacin da na faɗa ofishin manajan ba, su Goggo na biye da ni. Na ce maƙaryata ne, na ce sharaɗi ya ce su sanar da ni, ba su sanar ba, sai mun haɗu a kotu.

"Hajiya, zauna mana," in ji shi. "Tun kafin azumi muka sanar an ɗaga, siminti ya yanke mana. Yana nan a guruf ɗin masu saye."

"Wane guruf?"

Ya danna wayarsa, sai ga muryata ta cika ofis: "Don Allah ni ba ni da lokacin barka da Juma'a da barka da Lahadi da tallan atamfa. Ranar makulli dai na san ta. Sai anjimanku."

Tun makon farko da aka sa ni a guruf ɗin a waya na tura wannan saƙon na fice. Lambar ofishin ma da ta dame ni da kira, na ɗauka 'yan talla ne, na toshe ta.

Wata daga cikin 'yan jeren ta ce, "Wallahi muryarta ce." Kamar akwai mai musu.

Na fita ban kalli kowa ba, na hau matakalar nan har inda ta ƙare. Daidai nan ƙofar falona za ta kasance. Ga titi can, ga motocin Zariya suna wucewa, komai yadda na zana shi a raina, gidan ne kawai babu. Na tsaya nan ina share hawaye da gefen mayafi, direban a-kori-kura na ta danna hon a ƙasa.

Da na kira mai gidan haya, ya ce ai tun da hantsi wani ango ya zuba kayansa.

Yanzu muna Rigachikun, gidan surukata, kujeruna na tsakar gida an lulluɓe su da tamfol, kaji na kwana a kai. Kamfanin ya ce sai bayan damina za a ba da makulli. Na ce Allah ya kai mu, da ƙaramar murya.

Abin da na koya dai, gidan da ba ka taka tsakar ɗakinsa da ƙafarka ba, kada ka gayyato masa dangi. In kuwa dole sai ka gayyato, a bar mai guɗa a gida.