Kujerar Tela Mai Hannu Ɗaya da Ƙa'ida ta Goma Sha Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Tsara Ƙa'idojin Haɗa Kaya,
Babban Ofishin Kamfaninmu na Kujeru,
Hawa na shida, ɗakin nan mai labule.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramar ma'aikaciya ga babban da ba ta taɓa gani ba, ina fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, bayanka ma yana lafiya. Zan dawo kan maganar bayan nan gaba, in ka yi haƙuri da ni.

Ni ce mai karɓar oda a reshenmu na bayan tashar mota. Teburina yana tsakanin ƙofar shiga da ƙofar wurin kafintoci, saboda haka kunnena ɗaya na kwastoma ne, ɗayan na zarto. Shekara biyu ke nan da kuka aiko mana da manhajar kwamfutar nan mai yanke hukuncin wace ƙafa za ta shiga wace kujera, wane yadi zai zauna da wane hannu. Kwastoma ya faɗi abin da yake so, in danna. Idan haɗin ya yi wa ƙa'idojinku daɗi, oda ta wuce wurin kafintoci. Idan bai yi ba, sai jan rubutu ya fito: "Wannan haɗi bai halatta ba." Wallahi ina ganin jan rubutun nan fiye da yadda nake ganin fuskar 'ya'yana.

Dalilin wasiƙata guda ne. Ranar Juma'ar nan za a sallami babban kafintanmu, wanda muke kira Baba Inci saboda ko ƙusa ba ya bugawa sai ya auna. Shekararsa ashirin da shida a nan, laifin da aka ɗora masa kuwa ba nasa ba ne. Amma kafin in kai can, ka ba ni dama in yaba wa aikin sashenka, don ya cancanci yabo.

Na ɗaya. Ina jinjina wa ƙa'idoji uku da suka riƙe hannun juna. Ta ashirin ta ce kujera mai taya dole ta zama mai faffaɗan mazauni, don kada ta kife. Madalla. Ta arba'in da huɗu ta ce faffaɗan mazauni sai ƙafar katako mai kauri. Haka ne. Ta hamsin da takwas kuma ta ce ƙafar katako ba ta ɗaukar taya. Ranka ya daɗe, ta wace ƙofa kujera mai taya za ta fito ke nan? Tun da manhajar ta zo ba ta bar ko guda ta wuce ba, alhali hotonta ne babba a allon da ke bakin shagonmu. Wani akawu ya zauna a gabana muna zagaya ƙa'idojin nan uku har aka tashi cin abincin rana, daga ƙarshe ya tambaye ni cikin ladabi ko muna sayar da tabarma.

Na biyu. Ƙa'ida ta bakwai ta hana koren yadi haɗuwa da baƙar ƙafa. Na tambayi dalili sau uku, aka ce mini an riga an tattauna. Me kore ya yi wa baƙi? Ko faɗan gado ne a tsakaninsu?

Na uku, kuma nan ne na fi ganin zurfin tunaninku. Duk tsaron nan, babu wanda ya tuna ya rubuta cewa kujera tana bukatar ƙafa. A watan da ya gabata wata oda ta zo daga intanet: ƙafa babu, majingina babu, hannu biyu, jar fata mai kyau. Manhaja ta amince nan take, har da koren rubutu na murna. Baba Inci ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce tunda kwamfuta ta faɗa, ai shi ke nan. Ya ƙera ta tsaf. Mai odar ya zo, ya leƙa, ya juya ya tafi abinsa. Yanzu kyanwar shago ce ke kwana a ciki, kuma ta roƙe ni in isar da godiyarta ga sashenka.

Na huɗu. A nan zan tona wa kaina asiri. Mutane ba sa zuwa da jikin da ƙa'ida ta tanada. Wani dogo ne, wata gajera, wani ƙugunsa ke ciwo, wata kuma koren nan dai take so ko ana ha-maza ha-mata. Da na gaji da korar mutane, sai na samo dabara. A kwamfuta ina shigar da kujerar da ta halatta, sannan in ɗauki 'yar takarda rawaya in rubuta ainihin abin da mutum ya nema, in maƙala a jikin odar. Baba Inci yana bin rawayar. Idan ya gama, sai ya manna ta a ƙarƙashin mazaunin da ƙananan ƙusoshi huɗu, wai saboda duk wanda zai gyara kujerar wata rana ya san don wa aka yi ta. Da haka muka zauna lafiya, kwamfuta tana jin daɗinta, mutane suna zama a kan kujerunsu.

Na biyar. Mako uku da suka wuce wata tela ta zo, dattijuwa mai fara'a, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Keken ɗinkinta na hannu ne, da dama take juya shi, saboda haka hannun kujera na dama yana bugun gwiwar hannunta duk juyi. Ta nuna mini wurin, har ya yi kanta. Tana son hannun hagu kawai, inda za ta ɗan dogara idan ta gaji. Ƙa'ida ta goma sha biyu kuwa ta ce hannun kujera ko biyu ko babu. Na shigar da biyu, na rubuta ɗaya a rawaya. Baba ya je har shagonta ya auna tsayin teburin keken, ya dawo ya yi mata kujera kamar tare aka haife su.

Ranar da kujerar ke jiran ɗauka sai mai bincikenku ya iso, da takalmi mai sheƙi. Ya duba kwamfuta, hannu biyu. Ya duba kujera, hannu ɗaya. Ya zagaya ta sau biyu ko ɗayan ya ɓuya ta baya. Na miƙe zan yi bayani, ya ce shi da tsari yake aiki, ba da labari ba. Na ce to ya leƙa ƙarƙashinta. Ya dubi ƙasa mai garin katako, ya dubi wandonsa, ya rubuta cewa kafinta ya tsufa har yana manta hannun kujera. Kwana biyar bayan haka takardar sallama ta zo da sa hannunka.

Baba Inci bai yi gardama ba, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. Cewa ya yi in yi shiru, ni mai ƙananan yara ce, shi kuwa ya ci zamaninsa. Tun ranar yake goge kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu mai, yana jera su a akwati. Jiya na tarar yana koya wa sauran kafintoci inda injin yankan katako ke gardama da yadda ake lallashinsa. Na shiga bayan shago na sha kukana, na wanke fuska na dawo na ci gaba da dannawa. To, ni ba zan yi shirun ba. Rubutun rawayar nawa ne, dabarar tawa ce.

Na shida, kuma na ƙarshe, maganar bayanka da na yi alkawari. Bara sakatariyarka ta bugo mini waya. Ta ce Oga dogo ne, bayansa na damunsa, yana son kujera mai taya, mai faffaɗan mazauni, da doguwar majingina, a yi masa ita koriya da baƙar ƙafa don ta dace da labulen ofis. Na danna, jan rubutu ya fito har sau uku. Ni wace ce da zan ce wa hawa na shida bai halatta ba? Na shigar da abin da kwamfuta ta yarda da shi, wato ƙaramar kujerar ɗakin jira mai ruwan toka, mara hannu, mara soso. Sauran na rubuta a rawaya. Baba Inci ya yi kwana tara a kanta. Bayan wata guda sakatariyar ta sake bugowa, ta ce Oga ya ce a gaya wa kafinta ciwon baya ya tafi, Allah ya yi masa albarka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina gabatar da roƙona cikin ƙanƙan da kai. Idan ƙa'ida ita ce gaba da kowa, mu masu biyayya ne. Ranar Juma'a motar kamfani za ta zo ta ɗauke haramtacciyar kujerar da ke ofishinka, ta ajiye maka halattacciyar da kwamfuta ta san ka mallaka. Na riga na sa an goge ta, tana nan bakin ƙofa. Idan kuwa ka ga a yaga takardar sallamar, a kuma ƙara mana ɗan gurbi a manhajar inda za a rubuta abin da mutum ke bukata, to rawayata ta yi ritaya, Baba ya buɗe akwatinsa.

Ba na neman ka yarda da maganar ƙaramar ma'aikaciya. Abu ɗaya kawai nake roƙo, wanda mai bincikenka bai iya ba. Ka rufe ƙofar ofis kada kowa ya gani, ka tashi daga inda kake zaune yanzu, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Rubutun nawa ne, ƙusoshin huɗu na Baba Inci ne.

Taka mai biyayya, a kowane haɗi da ya halatta,

Mai Karɓar Oda,
Teburin da ke tsakanin ƙofofi biyu.