Na'urar Auna Nisa ta Malam Ɗan'azumi

Akwai wani mutum a wajen Ningi, Malam Ɗan'azumi, wanda Allah ya jarabce shi da son farauta amma bai haɗa masa da sa'a ba. Bindigarsa kullum a goge take tana sheƙi, takalmin dajinsa kuwa ko soja sai ya yi sha'awa. Sai dai duk ranar da ya fita, hannu rabbana yake dawowa, kuma uzurin bai taɓa canzawa ba. "Ni fa ba saiti ne matsalata ba," in ji shi, "nisa ne. Dabba tana can ƙarshen duniya, ido ya ce maka ga ta nan kusa." Matarsa Tabawa ta sha jin wannan karatu har ta haddace shi.

Ana nan sai wani abokinsa ya nuna masa a waya cewa akwai na'urar da ake leƙawa kamar madubin hangen nesa, a danna, ta faɗi nisan abu daidai wa daida. Malam Ɗan'azumi ya ce ai maganin ciwonsa ke nan. Washegari ya hau mota sai Kano, ya yi ta tambaya a kasuwa har aka kai shi shagon wani mai sayar da kyamarori.

Mai shago ya fito da ta farko a cikin akwati mai laushi. "Alhaji, wannan ko ruwa ake tsugawa sai ta auna maka kunnen zomo a bayan dutse."

Malam Ɗan'azumi ya juya ta, ya leƙa, ya yaba. Da ya ji kuɗinta sai ya mayar da ita a hankali kamar mai ajiye ƙwai. "Ba ta da ƙanwa?"

Aka kawo ƙanwar. Ita ma da ya ji kuɗin sai tari ya sarƙe shi. "To autarsu fa?"

Mai shago ya sunkuya ƙarƙashin teburin shagon, ya lalubo wata a cikin leda, ya hure ta. "Ga auta. Tana aunawa, ban ce ba ta aunawa ba. Sai dai gaskiya tana da 'yar magana."

"Magana kamar yaya?"

"In ka danna, takan yi ɗan kuka kafin ta kawo lamba."

"Kuka ai ba aibi ba ne," in ji Malam Ɗan'azumi, "jariri ma da shi yake zuwa duniya. Ƙulle mini ita."

Ya dawo gida yana tafiyar ƙasaita, na'ura rataye a wuya. A makon nan kuwa aka aiko cewa surukansa, iyayen mijin 'yarsa, za su zo gaisuwa daga Azare. Tabawa ta ce bari ta aika wajen mahauci tun da wuri. Malam ya ɗaga hannu.

"Kada ki kuskura. Naman barewa za su ci a gidan nan."

"Malam, ko kaza ce a kama a ɗaure, saboda halin rayuwa?"

"Kaza? Mutane su taso tun daga Azare a tare su da kaza? Ke dai ɗora tukunya, sauran ki bar mini."

Ranar da baƙi za su iso, yana idar da sallar asuba ya saɓi bindiga ya nufi daji. Kuma ikon Allah, hantsi bai gama dubawa ba sai ga barewa a wani fili, ƙosasshiya, ta sunkuya tana kiwo, ba ta san da kowa ba. Ya laɓe a bayan wata bishiyar marke, ya jingine bindiga, ya ɗaga auta, ya daidaita ta a kan barewa, ya danna.

"Ƙiiiiit!"

Kukan da mai shago ya kira ɗan kuka, ashe har tsuntsayen kan bishiya sai da suka watse. Barewa ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Shi kuwa Malam idonsa na cikin na'ura, ya ga lamba ta fito ɓaro-ɓaro. Ya sake dannawa, lamba ta ƙaru. Ya kuma dannawa, ta ƙara hawa. "Allahu Akbar," yake ta faɗa, "ilmi kogi ne!" Bai tuna da bindiga ba sai da barewa ta shige kurmi.

Bayan la'asar ya iso gida. Surukai na zaune a zaure, an shimfiɗa musu tabarma, sun sha ruwa har sun gaji. Ya gaishe su a tsaitsaye, ya wuce ciki. Ya tarar da Tabawa a bakin murhu, tuwo ya daɗe da kwasuwa, miya na ta tafasa tana jiran nama. Ta dubi hannunsa na dama, ta dubi na hagu, ta leƙa bayansa.

"Malam, ina barewar?"

"Tabawa, bari kawai! Yau na ga abin mamaki. Kin san 'yar na'urar nan ba ta ƙarya? Barewa na gudu, ita tana lissafi. Duk tsallen da ta yi sai ta faɗa mini inda ta kai. Wallahi har ta ɓace ban daina sanin nisanta ba. Wanda ya ce araha ba ta ado, bai ga wannan ba."

Tabawa ta rufe tukunya, ta goge hannu da gefen zane.

"Madalla, Malam. Tunda ta iya aiki haka, leƙa zaure ka auna wa surukanka nisan da ke tsakaninsu da nama."